Karatun Inno a Kwamfutar Malam

Gwadangaji, Birnin Kebbi
Ranar Talata

Zuwa ga aminiyata Ummu Hani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wagga takarda ta same ki lafiya, ke da mai gidanki da yara. Yaya jikin Inno? Yaya ruwa a Argungu? Mu nan sai godiya, fadama ta cika har Zauro. Mai gidana Malam yana gaishe ku.

Sunusi direba ya kawo mani memorin waya mai ɗauke da karatun Inno da hantsi, tare da busasshen kifin da kinka ƙunsa. Allah ya ƙara buɗi. Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Na kira ki ban samu ba, na kira mai gidanki ya ce kowa lafiya, amma namiji ne, ba komai yake lura da shi ba. Kuma ko na same ki, na san ba ki amsa kira sai kin buɗe murya duk ɗaki ya ji, ita kuwa mahaifiyarki ƙugunta ne ya karye, kunnenta garau yake. Abin da zan faɗa ba na so ya kai gare ta tukuna. Sunusi zai juya kafin la'asar, shi ya sa nake sauri.

Tun da Inno ta faɗi kunka ɗauke ta daga nan zuwa wurinki, tsarin da munka yi bai taɓa ba ni wahala ba. Ta karanta, ki ɗauka da waya, ki sa a memori, ni kuma in saurara a kwamfutar Malam da Alƙur'ani buɗe a gabana, in aiko da gyara. Da haka munka ci izifi bayan izifi har munka shigo Baƙara. Wanga memori shi ne na ƙarshe. In ya yi kyau, ta sauke. Ban manta kuma da rantsuwar da ta yi ba, cewa ba mai shigar da ita ɗakin tiyata a Sakkwato sai malamarta, wato ni, ta ce mata ta sauke. Likita ya sa Litinin mai zuwa, kin ce in anka rasa ta sai bayan watanni, tana kwance tana shan ciwo. Duk wannan yana raina.

To, na yi alwala na zauna na kunna. Ummu Hani, abin da na ji ya sa na ajiye tasbaha. Muryar ta yi kauri ta yi nauyi, kowace kalma kamar ana janyo ta daga rijiya. Kin san karatun Warshu da ma akwai ja da yawa, don haka da fari na ce ko tsanaki ta ƙara don ta ga ƙarshe ya zo. Sai na auna da yatsa yadda anka koya muna a gaban allo. Inda ya kamata ja ya ƙare da lanƙwasa yatsa biyu, nata yana zarcewa sosai, har wasalin da ba ja a kansa ta mayar da shi madda. Wanga ba ƙaramin abu ba ne, yana iya juya ma'ana. Matar da ta yi shekaru a ajina na matan aure, wadda ke gyara wa na kusa da ita ja tun ban buɗe baki ba, ba haka take karatu ba.

Abin da ya faɗo mani a rai shi ne goggona, Allah ya jiƙanta. Lokacin da shanyewar ɓarin jiki ta kama ta, harshe ne ya fara nauyi kafin komai. Don Allah ki zauna gaban Inno ki dubi fuskarta da kyau. Ki ba ta dariya ki ga ko baki ya karkace, ki miƙa mata kofi ta riƙe da dama, ta riƙe da hagu. Kada ki ce ni na sa ki. In kin ga wani abu, ku nufi asibiti yau, kada ku jira Litinin.

A yanzu dai ba zan iya cewa ta sauke a kan abin da na ji ba. Amma ban ce ba za ta sauke ba, ki bambance biyun.

Af, na ji mai gidanki ne ya buɗe ɗaukar wannan karon, shi ya ce Inno ta fara. Na kuma ji kukan saniya a tsakar gida. Yaushe kunka sayi saniya ba labari?

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya ba Inno lafiya.

Taki har kullum,
Kulu

Gwadangaji, Birnin Kebbi
Ranar Laraba

Aminiyata Ummu Hani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gida, da jinya, da ɗawainiya. Allah ya ba da lada. Ina fata Inno ta kwana da sauƙi.

Amsarki ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa. Alhamdu lillahi. Da kinka ce ta riƙe kofin da hagu sannan ta tambaye ki ko kin mayar da ita jaririya ce, na ce lalle harshe yana nan. Sai kuma layinki na ƙasa, cewa mai gidanki yana gona ranar, ke ce kinka ce ta fara, kuma ba ku da saniya sai akuyar nan taki mai ƙaramin kunne. Na yi dariya har Malam ya leƙo daga zaure. Ki yafe mani, 'yar uwa, na mayar da ke namiji mai ƙaton maƙogwaro, na kuma yi maki arzikin da ba ki da shi.

Amma dariyar nan ta ba ni abin riƙewa. In Inno ta yi nauyi, ke kin yi nauyi, akuya ma ta yi nauyi, to ba ciwo ba ne. Na'ura ce ke jan ku gaba ɗaya. Ciwon na'ura kuwa ba ya ba ni tsoro, abu ne da mutum ya ƙera, akwai inda ya tsaya.

Malam ya ce a kashe a kunna, wai a ma'aikatar gona haka suke yi wa kowace matsala har ya yi ritaya. Mun kashe mun kunna, Inno tana nan tana ja. Sai na aika wa maƙwabciyata Wuraola, Maman Ibukun, mai shagon buga takardu a bakin titi. Kin san ta, ita ce ta kawo maku lemo ranar da Inno ta faɗi. Da ta ji zancen tsohuwar ne, ta bar shago a hannun ƙanwarta ta shigo, tana cewa Mama Inno ce ta koya mata tuƙin tuwon shinkafa, ba za ta bar ta da muryar ƙato ba.

Ta fara duba manhajar da ke kunna sautin, don akwai wurin da ake rage sauri ko a ƙara. Ta ce sau da yawa hannu ke taɓa shi ba a sani ba. Yana daidai. Ta kunna da wata manhajar, haka. Ta ce ko memorin ne ya gaji, ta kwashe karatun ta zuba cikin kwamfutar kanta, haka. Ta rufe duk abin da ke buɗe, ta sa anka bincika ko bairos, cutar nan ta kwamfuta, ya shiga, an sami 'yan tarkace an share. Mun sake kunnawa muna kallon juna, akuyarki ta sake kukan saniya.

Daga nan ta ce in bi ta shago da memorin. Na sa hijabi na bi ta. Tana kunnawa a tata kwamfutar sai ga Inno sak, siririyar muryar nan mai ɗan rawa a ƙarshen aya. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ashe ɗaukarki ba ta da laifi, wayarki ba ta da laifi, memori ma haka.

Wuraola ta ce in zauna nan kawai in saurara har in gama, za ta ba ni kujerarta. Na gode mata ƙwarai, amma ban iya ba. Janareto yana ruri a ƙofa, mai sayar da waya na gefe ya saki kiɗa, maza suna shiga suna fita da takardu. A wurin nan ba zan bambance ɗauri da wasali ba, kuma raina bai ba ni in baza karatun dattijuwa a cikin wagga hayaniya ba. Karatun yana da tsawo, aikin yini ne cur, yana son ɗaki shiru.

Da munka dawo, Malam ya ce tunda ɗan abin da na ji a shago ya yi kyau, sauran ma zai yi, in aika a ce ta sauke a huta. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, tausayin tsohuwar yake ji. Na ce masa ni shaida anka sa ni, kuma ban iya shaidar abin da ban ji ba.

Bayan azahar na yi nawa gwajin. Na ɗauko tsofaffin karatun Inno, waɗanda na riga na saurara watannin baya na ce sun yi. Na kunna, na auna da yatsa. Su ma yanzu sun yi nauyi. Kin ga ke nan matsalar a gidanmu take, kuma ba ta daɗe da shigowa ba, tsakanin memorin da ya gabata da wanga ta shigo. In ɗaliba ta rikice a tilawa ba na ce mata ta yi ta maimaita inda ta rikice, mayar da ita nake yi wurin ƙarshe da ta karanta daidai, mu taho a hankali har mu ga inda ƙafa ta zame. Haka zan yi wa kwamfutar Malam. Zan tuna duk abin da ya canza a ɗakin nan tun ranar da ta yi magana daidai.

Kada ki taɓa ranar likita. Ki ci gaba da shiri. In Inno ta tambaya, ki ce malama tana kan saurare, gaskiya ce.

Ki gaida mai gidanki, ki shafa mani kan saniyar.

Aminiyarki,
Kulu

Gwadangaji, Birnin Kebbi
Ranar Juma'a

Zuwa ga 'yar uwata Ummu Hani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanmu da Juma'a. Yaya mai jiki, yaya yara? Ina fata ruwan jiya bai yi maku ɓarna ba. Sunusi ya ce wajen Ambursa sai da ya bi a hankali.

Na same ta. Sifika ce.

Kwanakin baya wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona tsofaffin sifikun kwamfutar, masu ɗan tsinke da ake sokawa a koren rami. Malam ya shiga kasuwa ya sayo mani sabuwa guda, ya ce don in riƙa jin Inno da kyau. Ita wagga ba koren ramin take shiga ba, irin ramin da ake sa memori take shiga. Na yi ta yaba ta don ƙararta, amma ban kunna karatu da ita ba sai ranar Talata, shi kuwa Malam takardu kawai yake bugawa. Shi ya sa ba wanda ya zarge ta. Ina shara jiya da safe na ga kwalinta a bayan ƙofa, sai na tsaya da tsintsiya a hannu.

Na aro iyafis, abin sauraren nan da ake sawa a kunne, wurin Wuraola, na cire sifikar, na soka shi a koren ramin. Sai ga muryarki ta mace, kina cewa Inno ta fara. Da Wuraola ta shigo ta buɗe saitin sauti, ta ga wata lamba da kwamfutar ta ɗora wa sifikar, ta fi wadda ke rubuce a jikin kwali. Na ce ta fassara mani da Hausa. Ta ce kwamfuta tana auno sauti da babban mudu, sifika tana kwasa da ƙarami, dole aikin ya ja lokaci. Ta mayar da lambar daidai da ta kwali, shi ke nan, sifika ta dawo hayyacinta. Malam ya ji daɗi ba kaɗan ba, don ya fara cewa a mayar wa mai shago kayansa.

Jiya na yini a kan karatun, ban tashi ba sai don salla da girki. Ummu Hani, mahaifiyarki ta yi karatu. Jan ya zauna inda ya kamata, waƙafi ya zauna, har haruffan maƙogwaro da take fama da su tun da ta rasa haƙoran gefe sun fito. Na yi ta cewa masha Allah ni kaɗai a ɗaki.

Saura abu ɗaya. A wajen ayoyin alƙibla akwai guda biyu a jere da suke farawa da kalmomi iri ɗaya. Ta fara ta farko, idonta ya sauka kan ta biyu, ta ci gaba daga can. Ƙarshen ta farkon bai fito daga bakinta ba. Bayan abin da na'ura ta yi mani a satin nan ban yarda da kunnena nan take ba, na ce ko ita ce ta haɗiye wurin. Sai na mayar na bar muryar Inno na saurari bayanta. Maƙwabtanku suna lugude a lokacin, taɓarya biyu suna amsa wa juna, kuma bugun bai yanke ba, bai yi tsalle ba, ya wuce wurin sumul. Da na'ura ce ta yanke, da dakan ma ya yanke. Inno ce ta tsallake.

Ba zan ɓoye maki ba, zuciyata ta ce mani in yi shiru. Ta ce rabin aya ne, hafizai ma suna zamewa a nan, in ce ta sauke, in gyara mata bayan ta fito. Na juya maganar har na gaji. Amma ita ba don a yi mata alfarma ta yi rantsuwar nan ba. In ta gano daga baya cewa na ji na kau da kai, ba za ta sake yarda da duk izifan da na ce sun yi ba, kuma tana da gaskiya.

Kada ki sake ɗauka, lokaci ya ƙure, kuma na san ta, sai an nuna mata da yatsa za ta yarda. Gobe Asabar zan biyo motar Sunusi ta farko. Kin ce da sassafe za ki wuce Sakkwato don kama gado da zancen jini. Ki tafi abinki, kada ki jira ni. Sauda matar ƙanenki tana gida, ta ishe ni. Ki ce wa Inno ina zuwa, kada ki ce mata don mi.

Allah ya kai mu goben lafiya.

Taki,
Kulu

Argungu
Ranar Asabar

Aminiyata Ummu Hani,

Assalamu alaikum. Ina fata kin sauka Sakkwato lafiya, kin kuma sami abin da kinka je nema. A ɗakinki nake rubutu, a kan tabarmarki, yaranki sun cika ni da tambaya. Kowa lafiya.

Na iske Inno a jingine da matashi, ta sa an ɗaura mata sabon kallabi. Tun ban gama gaisuwa ba ta ce malama ba ta hawa mota a cikin damina don ta ce sannu, in faɗi abin da ya kawo ni. Na faɗa mata a hankali. Ta ce sam. Ta ce tun da ta fara karatu da furfurarta ba ta taɓa tsallake ko harafi ba, kuma ta ji labari, akwatin da ya mayar da ɗiyarta namiji ba zai rasa cin rabin aya ba. Ashe kin ba ta labarin akuya. Na kawo mata zancen lugude, ta ce yanzu kuma taɓaryar maƙwabta ce shaidata a kanta. Sauda ta juya baya tana dariya a cikin mayafi.

Ban yi gardama ba. Na ce a sauko da gafakar Alƙur'aninta. Ta ciro warƙar da kanta, ta kai ta kusa da ido, ta bi layi da yatsa. Na ga yatsan ya tsaya a farkon aya ta fari, ya sauka kan ta biyu, ya koma sama. Ta ajiye warƙar a kan cinyarta. Sannan ta ce da ban zo ba da ta shiga hannun likitoci da rami a karatunta, ta kuma tambaye ni ko na yi tunanin rufe mata. Na ce na yi. Ta ce ta sani, ita ma da za ta yi tunanin.

Na ce ta karanta ayar kaɗai ya isa. Ta ƙi. Ta ce ba a yi wa karatu faci, ta sa Sauda ta kawo ruwa ta taimaka mata ta yi alwala a kwance, ta ɗauko sumunin daga farkonsa. Ciwo yana taso mata tana tsayawa a waƙafi ta huta, ni ina riƙe da gefen warƙar. Da ta zo wurin ta bi ta farkon har ƙarshenta, ta numfasa, ta shiga ta biyu. Ba gyara ko ɗaya.

Na ce mata ta sauke. Na faɗa da ƙarfi yadda har yaran da ke bakin ƙofa sunka ji, munka ɗaga hannu munka yi addu'a. Ni da Sauda ne munka yi kuka. Ita ta shafa fuska, ta ce walima sai ta taka da ƙafarta ta raba waina da hannunta, kada wanda ya yi mata gaggawa. Sannan ta ce a sauko mata da jaka daga kan sif, a sa yaji da kifi, don ba za ta ci abincin asibiti lami ba.

Sauda za ta ba ki wagga takarda gobe, a mota ɗaya za su taho da Inno. An cire kujerar baya an shimfiɗa mata katifa, Sunusi ya yi alkawarin tafiya a hankali. Ki gaya wa likita ranar Litinin tana nan, mai jikin ta ce ta shirya.

Allah ya sa a yi a sa'a, ya tashe ta lafiya. Ki tsaya a bakin ƙofar asibiti ki tarbe ta.

Taki har kullum,
Kulu